Jar Gezar Bu Torika

Kafin a buga gangar coci ta safe, Bu Torika, wato Kaka Torika a yarenmu, ta riga ta baza ganyen voivoi a tsakar gida, kabar da matan tsibirinmu Yanuvatu suke saƙa tabarma da ita. Daga nan sai ta haɗa shayin ganyen lemo, ta ɓantari rogon jiya, ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu. A damanta akwai ɓawon katantanwar teku da take kankare kaba da shi. A hagunta akwai wani guntun katako mai faɗin littafi, ya yi baƙi ya yi santsi saboda riƙo. Haka muka saba ganinta, mu masu wucewa bakin teku da jarkar fetur a kafaɗa. In ka gaishe ta ba ta ɗago kai. "Ka dai ci abinci ko?" shi ne amsarta, hannu kuwa bai tsaya ba.

Asabar ɗin da ta wuce ta ajiye aikin. Yatsunta sun sandare, idon hagu ya yi yana. Matan coci sun yi mata waƙa, an gasa kifi da makani a ramin duwatsu, an ci an watse, amma babu wanda ya rubuta komai. Ni ba ɗan boko ba ne, a aji bakwai na tsallake taga ban koma ba. Sai dai akwai wata Talata da ba zan bari ta ɓace ba, domin rai ne ya rataya a kan saƙar tsohuwar nan.

Shekara shida ke nan da guguwa ta yaye rufin makarantarmu, ruwa ya mayar da littattafai kamar kunu. Aka aiko mana da allunan karatu na lantarki guda goma sha biyu. Kowanne kaurinsa bai kai yatsa ba, amma littafin da ke cikinsa ya fi dubu. Waɗanda suka ƙera su ba su san Yanuvatu ba. A nan iska ma gishiri gare ta, rabin yaran kuwa a kwalekwale suke zuwa makaranta. Kafin wata huɗu, guda uku sun mutu. Ɗaya ya faɗa ruwa, ɗaya an zauna a kansa, ɗaya gishiri ya cinye bakin cajinsa. Masta Apenisa, shugaban makarantar, ya ce sauran tara za su kwana a kabad, duk mai son karatu ya zo ya yi a gabansa.

Bu Torika ta same shi a ofis ta ce, "Masta, littafin da aka kulle da wanda ruwa ya ci duk ɗaya ne. Ba ni guda in yi masa riga."

Ya ba ta, ba da son ransa ba.

A wajen matanmu, tabarmar kirki ita ce wadda in ka ɗaga ta a rana haske ba ya ratsawa, kuma a Yanuvatu babu wadda ta kai Bu Torika matse saƙa. Ta jiƙa kaba ta yi laushi, ta saƙa ta a jikin allon kansa, ta ja kowane zare har ko allura ba za ta shiga ba. Aka yi ta zuwa kallo. Abin da ta sani tun tana yarinya, amma bai zo mata a rai ba ran nan, shi ne kaba in ta bushe takan tsuke. A tabarma wannan shi ne kyanta. A kwana na biyu, tana cikin kicin, ta ji ƙas! Gilashin allon ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa.

Masta bai yi mata tsawa ba. Ya dubi allon, ya dube ta, ya ce, "Saura takwas," ya juya. Ta ce da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Washegari ta ɗauki saiwar kava, wadda ake jiƙawa a sha a zaman sulhu, ta tafi makaranta neman afuwa kamar yadda ake yi, ta zauna a ƙasa a gaban malamai, mace mai jikoki tara. Da aka karɓa aka tafa, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai ta ce tana da roƙo ɗaya, a bar mata fasasshen.

Sakiusa, tsohon masunci kuma taubashinta, yana jiran ta a hanya.

"Tavale," in ji shi, haka taubasai suke kiran juna a nan, "na ji kin shaƙe littafi dubu da hannu ɗaya. Guguwa ma sai da ta yi kwana biyu."

"Matsa ka ba ni hanya, mai ƙafar ƙaguwa."

"Don Allah in na mutu kada ki saƙa min tabarmar rufi. Haƙarƙarina ba zai jure ba."

"Kai wa zai ɓata maka kaba? Tsohuwar koma ta ishe ka."

Ta yi dariya a gabansa, amma 'yarta ta ce mako guda tana jujjuya abinci ba ta ci.

Fasasshen allon nan shi ya zama malaminta. Ta sa aka sassaƙa mata katako daidai siffarsa, amma ya fi shi da faɗin yatsa ɗaya ta kowane gefe. A kan katakon take saƙa yanzu, ta bar rigar ta bushe kwana uku ta gama tsukewarta kafin allo ya shiga. Ta bi masu nutso ta roƙi tsofaffin rigunansu na roba, ta yanka ta yi shimfiɗar ciki. Ta yanko murfin bokitin biskit ta yi faifai biyu masu tauri, gaba da baya. Ta ɗinka 'yar jaka da tamfol, ta liƙe ɗinkin da gam ɗin facin jirgi, bakin jakar kuwa sai an ninke shi sau uku kafin a ɗaure. A gefe da gefe ta cusa farin soson nan mara nauyi da ake ɗaura wa koma don kada ta nitse. Duk wadda ta gama, sai ta sa fasasshen a ciki tare da ɗan ƙyalle busasshe, ta jefa a teku, ta hau kai ta zauna, ta sako daga kan baranda. In ƙyallen ya fito da danshi sai ta warware ta sake. Riga goma sha ɗaya ta warware kafin ta koma wajen Masta.

Ya juya ta, ya matsa ta, ya tsoma ta a bokiti. Ya yarda. Abu ɗaya ne ya tsaya masa, jar gezar zaren ulu da ta zagaye bakin rigar da ita, irin wadda ake yi wa tabarmar biki.

"Bu, wannan kayan makaranta ne, ba lefen amarya ba. A cire jan nan."

"Saƙar da ba geza ba a gama ta ba, Masta. Kakata ba ta taɓa fitar da tabarma tsirara daga gida ba, ni ma ba zan fara ba."

"Yara za su yi ta tsinka."

"Su tsinka, in mayar."

Ta ƙi ƙememe. Sakiusa ya raɗa wa gezar suna wutsiyar zakara, sunan ya bi ta. Allunan nan takwas kuwa har yau takwas ne.

Nas Litiana, wadda take kula da tsibirai uku daga ɗakin shan magani na babban tsibiri, ita ma guguwa ta cinye mata littattafai, aka ba ta allo mai ɗauke da littattafan magani. Ta ga na yara ta roƙi riga. Bu Torika ta yi mata, ta kafa mata doka biyu: ninki uku, kuma kada ta kuskura ta buɗe a kan ruwa.

Sai Talatar.

Iska ta yi kwana uku tana kaɗawa, sabis ɗin waya ya ɗauke, rediyon ƙauye ya mutu. Vasemaca matar Masta tana da cikin fari wata takwas. Ta tashi da ciwon kai, ƙafafu sun kumbura, tana cewa tana ganin walƙiya a idonta. Aka tura jirgi ya ɗauko nas. Ni ne nake riƙe da injin.

Tsibirinmu duwatsun murjani ne suka kewaye shi, ƙofa ɗaya ce ta shiga. Dokar ƙofar kowa ya san ta, manyan igiyoyin ruwa uku suke zuwa a jere, ka jira su wuce ka bi bayan ta ukun. A dawowa na ƙirga biyu na murɗa inji. Iyakar abin da zan ce a kaina ke nan.

A lokacin Bu Torika tana ɗakin Vasemaca, ita da wasu mata suna danne da ita, domin jijjiga ta fara. Idanu sun juye, haƙora sun datse, jiki yana bugun tabarma. Da ta lafa, tsohuwar ta fito ta duba ko jirgi ya taho. Abin da ta hango a ƙofar duwatsu shi ne jirgin a kife, ƙasansa a sama.

Maza suka faɗa ruwa. Aka fito da Nas Litiana goshinta yana jini, tana aman ruwan gishiri. Bokitin magani yana ɗaure da jirgin, murfinsa bai buɗe ba. Masta ya rungume shi kamar jariri ya ce, "Mun gode Allah! Nas, taso, jijjiga take yi!"

Nas ta ji kalmar jijjiga, ta dubi hannuwanta. Babu komai a cikinsu.

Bu Torika ta durƙusa a gabanta. "'Yata, allon fa?"

"Ya tafi, Bu. Yana kan cinyata ruwa ya fizge."

"Maganin ba ya cikin bokiti ne?" in ji Masta.

"Yana ciki. Amma ban taɓa yin allurar nan da hannuna ba. An ce min ciwon kai ne, da na sani da na karanta tun a can. Irin maganin da in ya yi kaɗan ba ya komai, in ya yi yawa ya tsayar da numfashi. Awon yana cikin allo."

"Ki yi mata ko nawa ne!"

"Masta, in na yi da ka, ni zan kashe maka ita."

Babu waya, babu rediyo, jirgin da ya fi kowanne ƙarfi yana kife, likita kuwa yana bayan ruwan da ba ya ƙetaruwa.

"Kin buɗe shi a jirgi?" in ji Bu Torika.

"A'a. Ko igiyar ban taɓa ba."

"Ninki nawa?"

"Uku."

"To yana nan. Bai nitse ba."

Samari suka zabura za su koma ƙofa, inda ya faɗa. Ta daka musu tsawa. Ba mu taɓa jin muryarta haka ba.

"Ku dawo nan! Me kuka sani a cikin gida? Ku teku ta waje kuka sani."

Gaskiyarta. Maza a waje suke su, amma ruwan da ke tsakanin duwatsu da gaɓa na mata ne, a nan suke wuni suna tsintar kifi da katantanwa tun suna 'yan mata. Ta dubi alamar ruwa a jikin turken da ake ɗaure jirage, ta ce ruwa yana kan cika, duk abin da ya faɗa a ƙofa yanzu hancin kurmi yake nufa, can kudu inda ƙasa ta kutsa cikin teku. Amma saura kaɗan ruwa ya juya. In ya juya, komai zai bi ta bayan hancin ya fita teku, sai dai wani tsibirin ya tsinta.

Sakiusa ya dubi wajen ya girgiza kai. Iskar kwana uku ta tara shara a kan ruwa, ɓawon kwakwa, busassun ganye, karyayyun rassa, duk launi ɗaya da kaba, shimfiɗe har iyakar gani.

"Tavale, wannan teku ce fa, ba kwandon ɗinkinki ba."

"Shiga kwalekwalenka ka tare bakin hancin, ka miƙe tsaye ka buɗe ruɓaɓɓun idanun nan. Ja za ka nema."

Ya tura kwalekwale.

Ta kira mata. Suka jeru hannu da hannu kamar ranar korar kifi, su wajen ashirin, ita a tsakiya, suka shiga ruwa har ƙugu suna tafiya a hankali suna ture shara da ƙirji. Igiyar ruwa tana dukanta tana tangaɗi, na gefe suna riƙe ta. Wata ta ɗago wani abu ta yi ihu, ashe silifa ne. Wata ta ɗago murfin jarka. Daga cikin gari aka ji kururuwa, jijjiga ta dawo karo na biyu. Masta ya ruga gida, ya dawo bakin ruwa, ya sake rugawa, ya rasa inda zai tsaya. Layin mata ya fara karyewa, wasu suna waiwaye.

"Kada wadda ta saki hannu," in ji Bu Torika. "Ido a ruwa."

Sai ta ji abin da take tsoro. Ruwan da yake tura ta gaba ya tsaya, ya fara jan zaninta ta gefe. Ya juya. Sharar gaba ɗaya ta fara zamewa ta nufi bayan hanci. Ta ce a lokacin ne ta fara tambayar kanta ko gam ɗin ya riƙe, ko soson ya isa, ko kuwa karo na biyu ke nan da saƙarta za ta ci amanar gidan Masta.

"Tavale!"

Sakiusa ne, tsaye a kwalekwale, yana nuni da filafili.

"Ga wutsiyar zakaranki can tana gudu!"

Can bayan hancin, a tsakiyar ɓawon kwakwa, wani ɗan ja yana ɓullowa yana ɓacewa. Tsohon nan mai shekara saba'in ya tuƙa kamar wanda ake bi. Sau biyu ya miƙa filafili ruwa yana kauda rigar. A na uku ya kwanta da ciki a bakin kwalekwale, ya kamo ta ta gezar.

A bakin gaɓa hannuwa goma suka miƙo. Ta buge su duka.

"Ruwan daɗi tukuna. Da tawul."

"Bu, don girman Allah!" in ji Masta.

"Ɗigon gishiri ɗaya ya shiga bakin cajin nan, mun yi aikin banza. Kawo ruwa."

Ta ɗauraye bayan rigar, ta goge, ta goge hannunta yatsa bayan yatsa. Ta kwance igiya. Ninki na farko, ruwa ya tsiyayo. Wata mata ta ce wayyo. Ninki na biyu, danshi. Ta tsaya ta sake goge hannu. Ninki na uku ta buɗe shi a hankali, ta zura yatsa ciki, ta fito da shi ta duba. Busasshe.

Ta zaro allon ta miƙa wa nas. Nas ta danna. Babu abin da ya faru. Ta sake dannawa ta riƙe. Allon ya yi baƙi, ya yi fari, sai ga rubutu.

Da gudu ta tafi, tana tafe tana neman shafi. Matan da ke ɗakin sun ce sau biyu ta karanta da ƙarfi, ta sa Masta ya karanta na uku, sannan ta zuƙi maganin a sirinji ta yi wa Vasemaca allurar. Ta zauna tana ƙirga numfashinta da agogo a hannu. Jijjiga ba ta dawo ba. Washegari teku ta kwanta aka kai ta asibiti, bayan kwana biyu aka ciro 'ya mace. Sunanta Torika. Yanzu tana rarrafe, tana tsinkar gezar tabarmar ubanta, shi kuwa ba ya hana ta.

Bu, ke ce kika fasa allo a gaban gari duka, kika zauna a ƙasa kika ce na yi kuskure, sannan kika roƙi ɓarnar taki kika tafi da ita gida ta koya miki. Ke ce kika warware riga goma sha ɗaya ba wanda ya sa ki, ba wanda yake kallo. Ke ce kika bi mutane kina roƙon abin da suka zubar, ana yi miki dariya, kina cewa a ƙaro. Mai jan zare, wadda ba ta sakin saƙa tsirara. Ba ki iya karanta ko layi ɗaya na abin da ke cikin allunan nan ba, amma duk yaron da ya karanta su a gida, a rigarki ya karanta.

Bayan mako guda da Talatar, ni ma na ɗauki saiwar kava na je gidan Masta da na nas. A dawowa na tsaya a ƙofarki na kasa gaisuwa. Ba ki ɗago kai ba. Kika ce, "Igiya nawa ka ƙirga?" Na ce biyu. Kika ce, "Ni ma kwana uku kaba take so, na hana ta ko ɗaya. Zauna ka ci rogo." Da allon nan ya nitse, da ban san da wane ido zan ƙara duban kowa a garin nan ba. Na gode, Bu. Yanuvatu ta gode. Allah ya huce miki gajiya, ya bar miki hasken idon dama.

Ku kuma 'yan'uwana masu ƙaiƙayin ƙafa irina, da muke cewa babu abin yi a tsibiri sai jiran jirgin birni, ku je ku ga abin da aka yi da murfin bokiti da tsohuwar roba. Matan coci suna zama ranar Alhamis a gindin mangwaro, kuma ba a ce maza ba sa zuwa ba. Wanda ba zai iya saƙa ba ya kawo tamfol, ya kawo soson koma, ya riƙe almakashi. Wanda ya taɓa ɓata abu kuwa, kada ya jefar da ɓarnar, ya ɗauke ta ya tafi da ita gida.

Ranar Asabar, da aka gama waƙa, ta ɗauko baƙin katakon nan ta ɗora a hannun matan. Sakiusa ya ce daga baya, "To, littattafai sun huta da shaƙa." Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta riƙe katakon ta gefe ɗaya ba ta saki ba, har sai da kowa ya yi shiru.

"Ku bar masa wurin yatsa ɗaya," in ji ta. "Ku jira kwana uku. Wadda kuma ta cire jan nan, ni da ita ne."

Sannan ta saki.